Taron Masu Neman Barin Giya

 Yau maganarmu a kan mutumin da ya sha yin alkawarin barin giya ne. Ya rantse gaban matarsa, ya yi kuka gaban fasto, amma da ranar kasuwa ta zo, ƙafarsa ta sake kai shi gidan burukutu. Wa'azi kam ya ji har ya haddace. Abin da ya rasa shi ne mutanen da suka san irin wannan ƙishi a jikinsu, waɗanda zai riƙa zama da su kowane mako.

Akwai irin wannan taro. A shekarar 1935, a garin Akron na ƙasar Amurka, mashaya biyu suka haɗu: Bill Wilson, dillalin hannun jari, da Bob Smith, likitan fiɗa. Suka lura cewa idan mashayi ya faɗa wa ɗan'uwansa mashayi gaskiyar halinsa, su biyun sukan sami ƙarfin wuce wannan rana ba su sha ba. Mafarin ƙungiyar Alcoholics Anonymous ke nan, wadda ake ce mata AA. A 1939 suka buga littafinsu mai matakai 12. AA ba ikkilisiya ba ce. Tana maganar dogara ga Allah, amma ta bar kowa da fahimtarsa. Akwai kuma Celebrate Recovery, wanda aka fara a 1991 a ikkilisiyar Saddleback ta Kalifoniya, shi yana kiran sunan Almasihu a fili.

To, me ake yi a wurin? Akan zauna kamar awa ɗaya. Ba kuɗin shiga, sai ɗan abin da mutum ya ga dama ya jefa don hayar ɗaki ko shayi. Sharaɗi ɗaya ne, wato kana so ka daina sha. Sunanka na farko kawai za ka faɗa. Kowa yana ba da labarin kansa, ba a katse shi, ba a yi masa faɗa. In ba ka shirya yin magana ba, ka zauna ka ji, ya isa. Abin da aka faɗa a ɗakin kuma, a ɗakin yake kwana. Wani taron a buɗe yake ga iyali da baƙi, wani kuwa na mashaya ne kaɗai, sai ka tambaya tukuna. Bayan ka saba, za ka zaɓi wani da ya daɗe da bari ya riƙe hannunka, wanda za ka buga wa waya lokacin da ƙishin ya taso. Ba sa ce maka ka yi alkawarin shekara goma. Na yau kaɗai suke nema, gobe a sake.

A manyan birane kamar Legas da Abuja ana samun taron AA. Mai babbar waya zai iya nema a intanet, akwai ma tarurrukan da ake yi ta waya, ka shiga daga ɗakinka. Ko ka tambayi likita a asibitin masu taɓin hankali na tarayya, irin na Barnawa a Kaduna ko na Aro a Abeokuta. Kada sunan asibitin ya ba ka kunya, maganin shaye-shaye yana cikin aikinsu.

Mutumin ƙauye fa? A tsarin AA, mashaya biyu ko uku da suka taru don neman bari sun isa a kira su ƙungiya. Ku roƙi fasto ya ba ku ɗakin aji ɗaya, ku yi da yarenku. A ganina yammacin ranar kasuwa ya fi, domin lokacin ne gwaji ya fi zafi. Dattawan ikkilisiya, ku yi mini haƙuri: ku ba da maɓalli ku koma gida. Mutumin da ke tsoron a sa shi ƙarƙashin horo ba zai buɗe bakinsa a gabanku ba.

Ga gargaɗi, ku ji da kyau. Wanda ya daɗe yana sha kullum, musamman ogogoro ko goskolo, kada ya yanke farat ɗaya ba tare da ganin likita ba. Cikin awa 6 zuwa 24 hannu kan fara rawa, gumi ya karyo. Wani yakan faɗi yana farfaɗiya. A kwana na 2 ko na 3 wani yakan ruɗe, yana ganin abubuwan da babu su. Wannan yana kisa. Mutanen gida sukan ce aljanu ne, su tsaya kan addu'a kawai. Ku yi addu'ar kuna kan hanyar asibiti. Taro ba ya maye gurbin likita.

In kuma ka faɗi ka sha bayan wata uku, ka je taro na gaba ka faɗa. Ba za a kore ka ba, da yawa cikinsu sun bi ta nan.

Uwargida, ke ma akwai naki. A 1951 aka kafa Al-Anon domin iyalan mashaya, matar Bill Wilson, Lois, tana cikin waɗanda suka kafa. A can ake koyon daina ɓoye laifin maigida da biyan bashin giyarsa. Inda babu, mata uku ko huɗu daga zumuntar mata da ke ɗauke da wannan kaya za su iya ware rana su zauna, da sharaɗin riƙe asirin juna.