Mutuwar Matafiya Tara a Tsaunukan Ural

A ƙarshen watan Janairu na 1959, wasu mutane goma, yawancinsu ɗalibai da tsofaffin ɗaliban wata kwalejin fasaha ta birnin Sverdlovsk, suka nufi dutsen Otorten a arewacin tsaunukan Ural na Tarayyar Sobiyet. Shugabansu Igor Dyatlov ne, ɗan shekara 23. Tafiyar ta kan siki ce, wato dogayen katakai da ake ɗaurawa a ƙafa don zamiya bisa dusar ƙanƙara. Ɗayansu, Yuri Yudin, ya koma saboda rashin lafiya, kuma shi kaɗai ya tsira.

Ranar 26 ga Fabrairu masu nema suka ga tantinsu a gangaren dutsen Kholat Syakhl. An yanka shi daga ciki, kayan sanyi da takalma suna nan. Sawun ƙafa ya nuna sun gangara, wasu da safa kawai, cikin sanyin da ya kai wajen digiri 25 ƙasa da sifiri. Kimanin kilomita ɗaya da rabi daga tantin, a gindin wata bishiya, aka sami gawa biyu kusa da tokar wuta. Uku kuma sun mutu a hanyar komawa tantin. Sauran huɗun sai a watan Mayu aka tono su cikin wani kwari.

Sanyi ya kashe shida. Sauran ukun munanan raunuka ne: karayar haƙarƙari da fashewar ƙoƙon kai. Da farko an zargi Mansi, mazauna yankin, amma ba a same su da laifi ba. Hukuma ta rufe binciken da cewa wani ƙarfin halitta ne ya fi ƙarfinsu. Wannan amsa ba ta gamsar ba, shi ya sa jita-jita ta yawaita, har da ta gwajin makamai.

A 2020 masu gabatar da ƙara na Rasha suka ce zaftarewar ƙanƙara ce. Masu musu suka ce gangaren bai kai tsayuwar da ke jawo haka ba. A 2021 masana biyu a Suwizalan, Johan Gaume da Alexander Puzrin, suka nuna yadda abin zai yiwu: matafiyan sun sare gangaren don kafa tanti, iska ta yi ta tara ƙanƙara a samansa, bayan sa'o'i wani falle mai nauyi ya ɓalle ya danne masu barci. Wasu dangin mamatan ba su karɓi bayanin zaftarewar ba.