Yadda Manhaja Ke Ɗauko Hotunan Mutum Daga Taskar Facebook

Duk wanda ya taɓa buɗe wata manhajar haɗa kundin hotuna, ta nemi ya shiga da asusunsa na Facebook, ya latsa amincewa, sa'an nan kafin ƙiftawar ido ya ga hotunan bikin ƙanwarsa da na ranar Sallah sun jeru a gabansa, ya cancanci a warware masa abin da ya gudana, domin al'amarin yana bisa ƙa'idoji da sharuɗɗa waɗanda saninsu ya wajaba a kan mai hoto kafin kowa.

A watan Afrilu na 2010 ne kamfanin Facebook ya buɗe wata ƙofa ta musamman domin manhajoji, mai suna Graph API, wadda ta ita ce kwamfuta ke yi wa kwamfuta tambaya a ba ta jawabi. Manhaja ba ta karɓar kalmar sirrin mutum ko kaɗan. Abin da take samu bayan ya amince shi ne wata doguwar shaida ta haruffa da lambobi, wadda hukuncinta kamar na takardar wakilci ne da maigida ke damƙa wa ɗan aike, an ambaci abin da zai karɓo, an kuma yanka masa wa'adi: ta ɗan lokaci ba ta wuce awa ɗaya ko biyu, mai tsawo kuwa takan kai kwana 60.

A nan akwai wata mas'ala mai daɗin nazari da ke rikita masu koyon wannan sana'a. Idan manhaja ta ce a ba ta hotunan wane, ba ta ƙara bayani ba, sai a miƙo mata waɗanda aka liƙa sunansa a jikinsu, alhali kuwa galibinsu wasu ne suka ɗauka suka ɗora. In waɗanda ya ɗora da hannunsa take so, lalle ne ta fayyace haka a cikin buƙatarta. Ni a ganina wannan rarrabewa ta dace, gama hoton da kake ciki ba lalle ne ya zama mallakarka ba. Jawabin kuma ba hotunan ne ke zuwa ba, jerin bayani ne: lambar kowane hoto, da ranar da aka ɗora shi, da adireshin da za a same shi a girma dabam-dabam, kashi-kashi, kowane kashi da alamar da za a nemo na gaba da ita.

To, amma amanar da aka ɗora wa wannan ƙofa ta sha tauyewa. Da farko izinin mutum guda yakan buɗe bayanan abokansa waɗanda ba a shawarce su ba, kuma ta wannan kafa ce manhajar wani mai suna Aleksandr Kogan, wadda kimanin mutum 270,000 suka yi amfani da ita, ta tattara bayanan da aka ce sun shafi har mutum miliyan 87, abin da ya fito fili a 2018 da sunan badaƙalar Cambridge Analytica. An soma toshe kafar tun 2014, sai dai ba a kammala ba sai bayan ɓarna ta auku. Wanda ya fi taɓa zuciyata shi ne na watan Disamba na 2018, lokacin da kamfanin ya bayyana cewa wani kuskure ya bai wa manhajoji kusan 1,500 damar ganin hotunan mutanen da za su kai miliyan 6.8, har da hotunan da mutum ya fara ɗorawa sa'an nan ya fasa, wataƙila don kunya, wataƙila don ya tuna akwai fuskar matar wani a ciki.

Yanzu sai kamfanin ya binciki manhaja kafin a yarje mata neman hotunan jama'a, mai asusu kuma yana da ikon shiga saituna ya duba waɗanda ya wakilta, ya tsige wadda ya ga dama. Tsigewar tana kashe shaidar nan take, amma hoton da manhajar ta riga ta kwafa zuwa rumbunta, sai an bi masu ita an nemi su goge shi.