Ka Ƙara Kuɗin Intanet Amma Kiran Gida Yana Jinkiri? Ga Inda Gizo Ke Saƙar

Bayan bidiyonmu na gwajin rauta, wani ɗan'uwa da ke zaune a Ingila ya aiko da tambaya. Ya ƙara kuɗi ya koma layin 500 Mbps, amma har yanzu idan yana kiran bidiyo da Hajiya a Kano sai maganarsu ta riƙa cin karo. Shin cutarsa aka yi? Ba lallai ba. Kafin ka sake zuba kuɗi, tsaya mu fahimci abin da ake nufi da sauri.

A kimiyyar fiziks, sauri shi ne tazarar da abu ya ci a raba da lokacin da ya ɗauka. Motar da ta yi kilomita 200 cikin awa 2, saurinta kilomita 100 ne a awa. Shi kenan.

To, Mbps ɗin da kamfanoni ke tallatawa ba wannan ba ne. Shi yana auna yawan bayanan da za su wuce a sakan ɗaya, kamar faɗin titi. Ka faɗaɗa titi, motoci da yawa za su wuce lokaci guda, amma garin da za ka je bai matso kusa ba. Lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo shi ne "ping" da kake gani a manhajar gwaji, kuma da milisakan ake auna shi, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan.

A nan haske ya shigo. A sarari fanko, haske na tafiyar mita 299,792,458 a sakan ɗaya, ka ce kilomita 300,000. Duk da haka sai da ya yi kusan minti 8 da sakan 20 kafin ya iso mana daga rana. Ka'idar da Einstein ya fitar a 1905 ta nuna cewa babu saƙon da zai wuce wannan gudun, ko nawa ka biya.

Muryarka kuwa haske ce take komawa a cikin wayar faiba, kuma a cikin gilashi gudun haske na raguwa zuwa kusan kilomita 200,000 a sakan. Ɗauki wayar Glo-1 da ke ƙarƙashin teku daga Ingila zuwa Legas, tsawonta kusan kilomita 9,800. Yi lissafi: zuwa kawai milisakan 49, zuwa da dawowa 98. Ba a ma sa tafiyar Legas zuwa Kano ba, balle tsayawar da saƙo ke yi a na'urorin kan hanya.

Tauraron ɗan Adam fa? Irin na da, masu tsayawa a kilomita 35,786 sama, tazarar kaɗai na cin kusan rabin sakan kafin amsa ta dawo. Shi ya sa Starlink ya sauko da nasa zuwa wajen kilomita 550.

Shawarata: kiran bidiyo 'yan Mbps kaɗan yake buƙata, don haka daga 100 zuwa 500 ba zai gyara jinkiri ba. Duba abin da ke hannunka. Matso kusa da rauta ko ka jona waya kai tsaye, kashe VPN don yana ƙara wa saƙo zagaye, sannan ka tambayi mutanen gida ƙarfin sabis ɗinsu, don sau da yawa matsalar daga can take. Sauran jinkirin da ya rage, wannan na tazara ne, ba kamfanin da zai sayar maka da maganinsa. Kuɗin ƙarin gara ka saya wa Hajiya data da shi.

Sai mun haɗu a bidiyo na gaba.