Abin da Ƙudan Zuma Ke Samu a Furen Ceri

Ceri bishiya ce ta ƙasashe masu sanyi, 'ya'yanta jajaye ƙanana, girmansu bai wuce na kanya ba. Turkiyya ce ke kan gaba wajen nomanta a duniya. A can, da Turai da Arewacin Amurka, bishiyar kan yi fure ne a wajajen watan Afrilu, kuma furen ba ya wuce mako ɗaya zuwa biyu.

Duk da gajartar lokacin, masu kiwon zuma na ji da shi, domin yana zuwa a kan gaɓa. Ƙudan sun fito daga hunturu sun cinye ajiyarsu, sarauniya kuma ta soma zuba ƙwai. Tsutsotsin da ke ƙyanƙyashewa suna buƙatar garin fure, wanda shi ne abincin gina jikinsu, manya kuma suna buƙatar ruwan zaƙin fure don samun ƙarfin tashi. Ceri na ba da duka biyun a lokacin da furanni ba su yawaita ba. Shi ya sa ba kasafai ake ganin zumar ceri zalla a kasuwa ba: abin da aka kwaso yakan ƙare ne wajen renon sababbin ƙuda, waɗanda za su tara zumar watanni masu zuwa.

Manomi ma yana da tasa ribar. Yawancin irin ceri mai zaƙi ba ya yin 'ya'ya da garin furensa, sai an kawo masa na wani iri daban. Don haka masu gonaki a jihar Washington ta Amurka kan yi hayar amya su jera a gona idan fure ya buɗe. Irin da ake kira Stella, wanda aka fitar a Kanada a 1968, yana cikin na farko da suka iya barbarar kansu.

Sai dai ba kowace ceri ce ke ciyar da ƙuda ba. Irin na ado mai cunkushen fure, kamar Kanzan na Japan, ba shi da wani abin kirki a ciki, domin sassan da ke fitar da gari sun rikiɗe sun zama ganyen fure. Yanayi ma yakan kawo cikas: idan zafi bai kai digiri 12 ba, ko ana ruwa da iska, ƙudan ba sa fita sosai, fure ya kaɗe a banza. Feshin maganin ƙwari a wannan lokaci kuwa yana hallaka su.

Mai son taimaka wa ƙudansa sai ya shuka iri marar cunkushen fure, ya haɗa da wasu itatuwan da za su yi fure bayan na ceri ya zube.