Me Ya Sa Docker Push Ke Ƙin Tafiya?

Bayan ka haɗa manhajarka da duk abin da take buƙata cikin ƙunshi ɗaya da Docker, sai ka tura shi rumbun ajiya kamar Docker Hub, inda saba za ta ɗauko shi. Idan turawar ta ƙi, kar ka yi saurin ɗora wa intanet laifi. Fara karanta saƙon kuskuren, domin yawanci shi zai nuna maka inda gizo ke saƙar.

In ka ga "requested access to the resource is denied", rumbun ne bai ba ka izini ba. Ko dai ba ka yi docker login ba, ko sunan ƙunshin bai fara da sunan asusunka ba. In sunansa "shago" kawai, Docker zai nufi sashen library da shi, inda ba ka da ikon ajiya. Gyara sunan da docker tag ya koma asusunka/shago.

Lambar 413 kuwa tana nufin kayan sun yi girma. Ana yawan ganin ta a rumbun da ke bayan Nginx, wanda iyakarsa ta asali megabait 1 ce. Sai a ɗaga client_max_body_size.

To in turawar na yankewa a tsakiya fa? Ƙunshin falle-falle ne, kuma Docker na tura 5 a lokaci guda. In intanet ɗinka ba ƙarfi, mai da max-concurrent-uploads zuwa 1 a daemon.json, ka sake kunna Docker. Fallen da ya riga ya isa ba a sake tura shi, don haka datarka ba ta tafi a banza ba.