Kodineta ko Ofishin Shawara: Wa Ya Fi Kusa da Ɗalibi?

A jami'o'inmu, daga ABU Zariya zuwa BUK da Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, ƙofa biyu ce ɗalibi zai iya ƙwanƙwasawa idan al'amura suka cakuɗe masa. Ta farko ita ce ta lebul kodineta, malamin da sashe ya ɗora wa kula da aji guda. Ta biyu kuwa ita ce ta ofishin ba da shawara, wanda galibi yake ƙarƙashin sashen kula da harkokin ɗalibai. Dukansu don ɗalibi aka yi su, amma kowace da irin abin da take gani.

Kodineta mutumin lissafi ne. Shi ke sa hannu a takardar rajista, shi ya san cewa bisa ƙa'idar hukumar kula da jami'o'i ta NUC ba a so ɗalibi ya ɗauki ƙasa da yunit 15 ko sama da 24 a zango guda. Shi zai ce maka ka fara sauke kari-oba kafin ka jibga sababbin kwasa-kwasai, ya kuma tuna maka cewa digirin shekara huɗu ba ya wuce shekara shida. Ƙarfinsa shi ne kusanci: sakamako na fitowa, shi ne farkon wanda zai ga CGPA ta zame. Rauninsa kuwa biyu ne. Na ɗaya, ba a horar da shi kan sauraron damuwa ba, ga koyarwa da makin jarrabawa da ɗaruruwan ɗalibai a wuyansa. Na biyu, yana riƙe da alƙalamin maki. Wace ɗaliba ce za ta faɗa wa malami cewa abokin aikinsa na ofishin kusa ne ke matsa mata?

Mai ba da shawara kuwa ba ya riƙe da makin kowa, kuma nan ne darajarsa take. Sana'arsa ce, da horonta da ƙa'idar riƙe sirri. Ba baƙuwa ba ce a Najeriya: tun 1959 aka fara ta a kwalejin 'yan mata ta St. Theresa da ke Ibadan, Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 kuma ta ba ta gurbi. Sai dai ofishin na can nesa da sashe, ɗalibai da yawa har su gama ba su san hanyarsa ba. Waɗanda suka sani kuma suna gudun a gan su a bakin ƙofar, kada a ce sun taɓu. Mu da aka rene mu da cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, ba ƙaramin abu ba ne mu zauna gaban baƙo mu amayar da na cikinmu.

Muna aji biyu, akwai wani abokina da ya kwashi kari-oba huɗu a zango ɗaya. Na raka shi wurin kodinetanmu. Malam ya duba takardar, ya ja layi da jan biro, ya ce, "Kai, ka rage wasa. Ka cire waɗannan biyun, ka dawo in sa hannu." Abokina ya ce, "To, Malam, na gode." Lissafin Malam daidai ne, ba kuskure ko ɗaya. Abin da bai tambaya ba shi ne dalili. Mahaifin yaron ya rasu a farkon zangon, shi kuma yana tuƙa adaidaita sahu har tsakar dare don ciyar da ƙannensa. Da an ce masa "me ya faru?", da ya ji cewa akwai damar jingine karatu na shekara guda a hukumance. Bai ji ba, shekara ta zagayo aka sallame shi.

To, wa ya fi? Idan kusanci ake magana, kodineta ne; idan amana ce, mai ba da shawara ne. Amma da za a ce in zaɓi inda jami'a za ta fara gyara, kodineta zan nuna, domin ta gabansa kowane ɗalibi yake wucewa, ko yana so ko ba ya so. A rage masa nauyin koyarwa, a koya masa gane alamun damuwa, a ba shi hanya bayyananniya ta miƙa ɗalibi ga ofishin shawara. Duk wanda makinsa ya faɗi kwatsam, a kira shi kafin ya kai ga gargaɗi. Shi kuma mai ba da shawara ya bar jiran a zo: ya riƙa zagaya tsangayoyi a ranakun da aka sani, ya sanar da sashe abin da ya shafi karatu kawai, sauran ya bar shi a cikinsa.

Abokina yanzu yana da shago a kasuwa, rufin asiri daidai gwargwado. Har yau takardar nan mai jan layi tana cikin akwatinsa.