Abin Dubawa Kafin Sayen Ƙarafunan Motsa Jiki na Gida

Tun shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka rufe gidajen motsa jiki, kasuwar ƙarafunan ɗagawa na hannu, waɗanda ake kira dambel, ta buɗe a ƙasashe da dama. A wannan shekara ce kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta jaddada shawararta cewa kowane baligi ya riƙa aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako. Ga ɗan kasuwar da ke wuni zaune a shago ko ofis, ajiye ƙarfe biyu a ɗaki hanya ce mai sauƙi ta bin wannan shawara.

Sai dai akasarin kayan daga waje ake shigo da su, musamman daga ƙasar Sin, kuma faɗuwar darajar Naira bayan sakin farashinta a watan Yunin 2023 ta ƙara musu tsada. Don haka ma'aunin da ya dace shi ne kuɗin kowane kilo, da shekarun da ƙarfen zai yi yana aiki.

Iri uku ne a kasuwa. Na farko curarre ne, nauyinsa ba ya sauyawa. Yana da ƙarko, amma da zarar jiki ya saba da shi sai an sake sayen wani. Na biyu sanda ce da ake zura wa fayafan ƙarfe a ɗaure da noti. Shi ya fi dacewa da mai tattali, domin faifai kawai zai riƙa ƙarawa. Na uku na zamani ne, ana murɗa maɓalli a zaɓi nauyi. Ba ya cin wuri, amma yana da tsada, kuma gyaransa na da wuya. A shekarar 2025 an janye miliyoyin irinsa ƙirar BowFlex daga kasuwar Amurka saboda fayafansu na suɓucewa suna raunata masu su.

Akwai wuraren da mai saye kan yi asara. Wasu kayan da awon fam aka rubuta nauyinsu, alhali fam 20 kilo 9 ne kacal, saboda haka a ɗora a sikeli kafin a biya. Ramin faifai ma ya bambanta: akwai mai milimita 25, da 28, da 30, kuma faifan wata sanda ba lallai ya zauna a wata ba. Mai rufin roba da aka cika da siminti ya fi araha, amma yakan fashe idan ya faɗi, saɓanin ƙarfen zubi. Wanda masu walda na gida suka haɗa kuwa, a tabbatar nauyin na dama da na hagu ɗaya ne.

Mafari ya soma da nauyin da zai iya ɗagawa sau 10 zuwa 12 ba tare da karkata jiki ba. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya fara ganin likita tukuna.